Dokin da Dalhatu Ya Sawo

Ranar kasuwar Gidan Amumune, bayan la'asar, Dalhatu ya shigo gida janye da doki. Da safe da sa ya fita, san da ya yi shekara huɗu yana ja masa amalanke, ya ce zai je ne kawai ya ji abin da ake tayawa. Matarsa Fatsuma tana tsakar gida tana tankaɗe sa'ad da ta ji sawun kofato a zaure. Ta ɗaga kai, ta ga abin da san ya koma.

A ido kam dokin ba shi da makusa. Akawal ne, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji, jikinsa na sheƙi kamar an shafa masa mai, kuma da alama an shafa ɗin. A bayan Dalhatu ga abokinsa Na Allah, mai sayar da isansi, wato fetur, a kwalabe a bakin tasha, yana ta washe baki kamar shi ya saya.

"Ke, taho ki gani," in ji Dalhatu. "Ingarma ne. Kuma dubi sanyin halinai, ko yaro ka ba igiya sai shi ja shi."

Fatsuma ta ajiye rariya, ta gyara goyon ɗiyarta Umaima, ta taso. Ba ta matsa kusa ba. Ita 'yar Tanna ce, na garin El Alasan Mairairai, mutumin da bai taɓa rabuwa da doki uku ko huɗu a turke ba har ya bar duniya. Tun tana da shekara bakwai ita ke kai musu dusa da ruwa, har ranar da aka kawo ta gidan nan. Don haka ta tsaya daga gefe, daidai kafaɗar dokin, tana kallo.

Abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Leɓen dokin na ƙasa a sake yake, yawu na ɗiga. Idonsa a lumshe, ƙuda ya sauka a gefen idon bai ko ƙifta ba. Baƙon doki ne, an shigo da shi gidan da bai sani ba, ga awaki, ga kaji, ga hayaƙin murhu, amma ko kunne bai motsa ba. A kusurwar bakinsa biyu akwai tsohon tabo fari, kuma a doron hancinsa gashi ya ƙoƙe inda igiya ta daɗe tana ci.

"Maigida, ina aka ɗaure shi a kasuwa? Cikin dawaki?"

"A'a, shi ɗai, can gindin aduwa. Ai ba a gama irin wanga da tarkace."

"Da igiya nawa?"

Dalhatu ya dubi Na Allah. "Biyu, ina ji. Mi ya kawo wagga tambaya?"

"Mai shi ya taɓa mishi kunne a gabanka? Ya ɗaga mishi ƙahwa ka gani?"

"Mai shi baƙo ne, daga wajen Tasawa, sauri shikai."

Fatsuma ta nemi yadda za ta faɗa a gaban baƙo ba tare da ta kunyata mijinta ba. Ba ta sami wata hanya ba, sai ta faɗa yadda yake. Ta ce wannan sanyin ba na hali ba ne, ƙwaya aka ba shi, kuma in mai shi bai bar gari ba gara a bi shi yanzu.

Na Allah ya fashe da dariya har da dafa bango. Dalhatu ma ya yi dariyar, amma tasa ba ta kai ciki ba.

"To, likitan dabbobi, mun gode. Koma ga tankaɗenki," in ji Dalhatu.

Nan take suka haƙa rami suka kafa turke. Kuma ba su kafa shi ko'ina ba sai tsakanin madafa da rumbu, inda duk wanda ya leƙo daga zaure zai hango dokin. Nan ce hanyar da Fatsuma ke bi sau goma a yini, nan kuma uwar Dalhatu, Inna Nana, ke bi in za ta ɗebo gero. Fatsuma ta ce a mai da turken bayan ɗaki. Dalhatu ya ce doki ba akuya ba ne da za a ɓoye shi a lungu.

Kashegari mutane suka yi ta zuwa kallo, dokin yana tsaye kamar an dasa shi. Duk wanda ya yaba, sai Dalhatu ya waiwayo ya dubi matarsa. Ita kuwa kunnen dokin take kallo.

A rana ta uku da hantsi kunnen ya fara aiki. Tana fitowa da tulu ta ga ya kwantar da su duka biyu har sun manne da wuya, ya zare ido fari ya bayyana, jela na bulala hagu da dama ba don ƙuda ba. Da ta ƙara taku ɗaya sai ya juyo mata da gindi, ya ɗan ɗage ƙafar baya guda, kofaton na shafar ƙasa. Ta san wannan tsayuwar. Ta ja da baya a hankali, ta bi jikin katanga ta zagaya.

Ta sami sanda ta ja layi a ƙasa, iyakar inda igiya ke kaiwa, ta ƙara taku uku saboda tsawon ƙafa. Ta je ta sami surukarta tana kaɗi a inuwa.

"Inna, don Allah kada ki ƙetare zanen can. In gero kike so, ki hwaɗa mini in ɗebo miki."

Inna Nana ba ta ɗaga kai daga mazarinta ba. "Shekara arba'in ina bin wagga hanya. Dabba ba ta sake mini hanya cikin gidana."

Da Dalhatu ya dawo daga masallaci ya ɗauki harawa ya nufi dokin kai tsaye, ta gaba, hannu a miƙe. Fatsuma ta ce, "Maigida, dubi kunnenai." Bai duba ba. Dokin ya miƙo wuya kamar maciji, ya cafki rigarsa a kafaɗa ya fizga. Allah ya sa rigar mai faɗi ce, ita ta yage, fatar kuwa haƙori ya ƙuje ta kawai. Dalhatu ya faɗi zaune cikin harawa.

"Yunwa ce," ya ce, yana kakkaɓe jiki. "Kin bar shi da yunwa tun sahe."

Fatsuma ta dubi gaban dokin. Ita ta tura masa dusa da sanda tun kafin ta hura wuta, ƙwaryar tana nan a gabansa bai ma cinye ba.

Da yamma Na Allah ya zo da bulalar fatar raƙumi. Ya ce shi ya san maganin irin wannan, gwada mutum yake yi, in bai ga namiji ba ba zai lafa ba. Fatsuma ta fito har bakin madafa, abin da ba ta saba yi ba in akwai baƙo.

"Malam Na Allah, ka dubi bakinai da hancinai. Wanga doki ya sha dukan da ya hi naka. Duka ne ya maishe shi haka."

"Dalhatu," in ji Na Allah, bai ko dube ta ba, "a gidanka wa ke da doki?"

Wannan maganar ta gama komai. Suka ɗaure masa ƙafafun gaba, suka gajarta igiya har hancinsa na gogar turke, suka yi ta zabga masa. Fatsuma ta shige ɗaki da Umaima ta toshe wa yarinyar kunne. Tana jin ƙarar bulala, tana jin kofato na dukan ƙasa, tana lissafa a ranta yadda kowace bulala ke ƙara wa gidan haɗari. Da suka gaji dokin ya tsaya yana rawar jiki, gumi na zuba, kansa a ƙasa. Na Allah ya ce, "Ka gani? Ya san maigida yanzu."

Abin da dokin ya sani shi ne duk mai ƙafa biyu abokin gaba ne. Daga ranar ko inuwar mutum ta gifta sai ya yi harbi. Ruwa ma sai da Fatsuma ta ɗaura bokiti a bakin doguwar gora take tura masa. Umaima da ta fara tafiya, mai son bin kaji, ta koma baya dindindin. Fatsuma na daka da ita, tana wanki da ita, har ƙugunta ya riƙe. Amalanke yana jingine a ƙofar gida babu mai ja, ruwan da a da sa ke kawowa a jarka shida ya koma kanta, tulu ɗaya ɗaya daga famfo. Kuma duk tulun sai ta zagaya da shi ta jikin katanga.

Ran nan akuyarta ja, wadda ta zo da ita daga gidansu, ta bi ƙamshin harawa ta ƙetare layin. Harbi ɗaya ya yi mata, ƙafar baya ta karye biyu, dole aka yanka. Fatsuma ta tsaya a kan naman ta ce wa mijinta, "Yau akuya ce."

"To ai akuya ce," in ji shi. "In saya miki wata."

"Ba akuyar nike ma kuka ba. A ɗauke turken nan."

"In na ɗauke shi yau, gobe gari duka a ce Dalhatu ya sawo abin da ya hi ƙarhinai."

Sai a lokacin ta gane cewa ya riga ya sani. Ya san ta faɗi gaskiya tun ranar farko, abin da ya rage kawai shi ne kada a ji. Wannan ya fi ba ta haushi fiye da lokacin da take zaton bai gane ba.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, Dalhatu yana kasuwa. Fatsuma ta shiga ɗaki ta kwantar da Umaima da barci ya ɗauke. Ba ta fi minti biyu ba ta ji wata ƙara kamar an sare busasshen kara, sai salatin Inna Nana.

Tsohuwar tana kwance a cikin layin, ƙwaryar geronta ta yi gefe, hannunta na dama a lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Dokin ya riga ya juyo, ya fuskance ta, kunnuwa a manne, yana kartar ƙasa da ƙafar gaba. Fatsuma ta san abin da ke biye: zai miƙe ya sauko mata da kofato biyu.

Ihu ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi. In ta yi ihu maƙwabta za su shigo da sanduna, kuma kafin su iso an gama. Ta ce da murya ƙasa ƙasa, "Inna, kada ki motsa. Kada ki tashi." Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar dusa a bakin madafa, ta bi ta ɗaya gefen turken, nesa da tsohuwar, tana karkaɗa ƙwaryar don ya ji motsin dusa, tana ɗan tsotsar leɓe yadda babanta ke yi wa nasa. Ba ta dube shi ido cikin ido ba, ba ta ɗaga hannu sama da ƙugunta ba.

Kunne ɗaya ya ɗago ya juyo wajenta. Ta ci gaba da karkaɗawa. Sai ya juya wuya, sannan kafaɗa, ya yi taku biyu zuwa gare ta. Ta ajiye ƙwaryar can ƙarshen inda igiya ke kaiwa, ta ja da baya. Da ya sa baki a ciki, igiyar ta miƙe, gindinsa ya koma wajen turke. Ta zagaya da sauri ba gudu ba, ta kama Inna ta ƙarƙashin hammata ta ja ta a ƙasa har suka wuce layin, har bakin ɗaki. Can ne ta yi ihun.

A kan kabu-kabu aka kai Inna Nana likita, Fatsuma na bayanta tana tallafe da hannun. Ƙashi biyu ne suka karye a ƙasan gwiwar hannu. Dalhatu ya iso a guje, ya tsaya a kan uwarsa yana ta "sannu Inna, sannu Inna," ya kasa haɗa ido da matarsa. Ita ma ba ta nemi ya haɗa ba. Tana tsoron abin da zai fito daga bakinta a gaban mutane.

Ta ɗauka magana ta ƙare ke nan. Amma bayan kwana biyu, da ta dawo daga famfo, ta tarar da Dalhatu da Na Allah tsugune a zaure da ƙwaryar dusa a tsakaninsu. Na Allah na murƙushe wasu ƙwayoyi da gindin kwalba yana barbaɗawa. Da suka gan ta suka yi tsit.

"Gobe kasuwar Mayahi," in ji Dalhatu, yana kallon ƙasa. "Za mu rabu da shi. Ba abin da kike so ba ke nan?"

Fatsuma ta sauke tulun a hankali don kada ta fasa shi.

"Ku ba shi ƙwaya shi yi sanyi, wani shi saya shi kai gida."

"Haka aka yi mini."

"Shi wanda za shi saya, ba shi da uwa? Ba shi da ɗiya?"

"Kasuwa ce," in ji Na Allah. "Kowa da idonai ya zo."

"Malam Na Allah, kai da idonka ka tahi ranar, kuma ga Inna can kwance." Ta juya ga mijinta. "Maigida, ban taɓa ƙetare maganarka ba. Amma in dokin nan ya tahi Mayahi da ƙwaya a cikinai, ni ma ina tahiya, in tsaya kusa da shi, duk wanda ya taya in hwaɗa mishi abin da ya yi ma Inna."

Ta sunkuya ta ɗauke ƙwaryar daga tsakaninsu, ta kai bayan gida ta haƙa rami ta binne dusar don kada kaji su ci. Tana jin Na Allah yana cewa wani abu game da gidan da mace ke ja, sannan ta ji tashin motonsa. Dalhatu bai biyo ta ba. Yinin ranar bai ci tuwonta ba, bai kuma yi mata magana ba.

Da la'asar ta ɗauki salula ta kira yayanta Sha'aibu, wanda ya gaji dawakin babansu. Ta gaya masa komai. Ya ce jibi yana tafe.

Kashegari ba a kai dokin Mayahi ba. Ranar da ya faɗa, Sha'aibu ya zo a kan moto, rawaninsa ya yi fari da ƙurar hanya. Ya gaida Inna, ya sha ruwa, sannan ya ɗauki kujera ya zauna daga gefe yana kallon dokin har kusan rabin awa. Can ya tashi ya ɗaga hannu sama kamar zai gyara rawani. Dokin ya fizge kai har turken ya girgiza.

"An sha dukanai a ka," in ji Sha'aibu. "Dubi bakin, mugun linzami ne ya yanka shi. Dubi hancin. Ranar da ka saye shi, shi ɗai aka ɗaure, ko?"

"Shi ɗai," in ji Dalhatu.

"Shina tsaye kamar mai barci, leɓe a sake?"

"Wallahi haka. Kamar kana wurin."

"Ƙwaya ce. Kuma wanga turke ba wurinai ba ne. Ba a ɗaure irin wanga a kan hanyar mutane. Kun duke shi?"

Dalhatu ya sosa ƙeya. "Kaɗan."

"Kun ƙara ɓata shi."

Dalhatu yana ta gyaɗa kai, yana cewa, "Ikon Allah. Ka ji masana. Da na sami mai hwaɗa mini haka tun hwarko ai da ba a kai nan ba."

Fatsuma tana bakin madafa da muciya a hannu. Kalma ɗaya Sha'aibu bai faɗa ba wadda ba ta riga ta faɗa ba, a wannan tsakar gidan, da wannan Hausar. Sha'aibu ya waiwayo ya dube ta, ya dubi layin da ta ja a ƙasa wanda kullum take sabuntawa.

"Wa ya yi wanga zane?"

"Ita ce," in ji Dalhatu. "E, ta ɗan yi magana kam."

Sha'aibu ya buɗe baki, ya tuna gidan suruki yake, ya rufe. Ya ce abin yi uku ne. A kira likitan dabbobi daga Mayahi ya fiɗiye shi, zafin ingarma ya ragu. A yi masa shinge a bayan gida inda ba mai giftawa. Sannan mutum ɗaya tak ya riƙa ba shi abinci, lokaci ɗaya kullum, ba bulala, ba tsawa, ba ɗaga hannu. Ko da an yi duk wannan, in ji shi, kada a taɓa sakin jiki da shi, don irin wannan ba ya mantuwa.

"To wa za shi riƙa ba shi?" in ji Dalhatu. "Ni in ya hango ni hauka shikai."

Su biyun suka juyo suka dubi bakin madafa.

Haka dokin da ta ce a mayar tun ranar farko ya zama aikinta. Likitan dabbobi ya zo ya yi aikinsa, maza shida suka danne. Aka yi shinge da ƙaya da kara a bayan ɗakin Inna. Kullum da safe, bayan ta kai wa Inna ruwan wanka ta taya ta sa riga, sai ta bar mata Umaima ta ɗauki dusa da kanwa ta zagaya. Takan tsaya a bakin shingen ta yi masa magana tukuna, ta duba kunne. In a kwance suke, ta ajiye ta tafi. In sun ɗago, ta shiga ta gefen kafaɗa. Sai da aka yi sati uku kafin ya bari ta taɓa wuyansa, wata biyu kafin ta sa masa ragama ba tare da ya fizge ba. Linzami kuwa ko gwadawa ba ta yi ba.

Mutane suka fara cewa dokin Dalhatu ya gyaru. Dalhatu ma ya fara faɗa a majalisa, yana bayanin yadda ake gane doki mai mugun hali, kunne kaza, ido kaza, jela kaza. Matan maƙwabta ne suka kawo wa Fatsuma labari a famfo, suna cewa ashe mijinta masanin dawaki ne. Ta ce, "Ashe," ta ɗora tulunta.

Dokin bai gyaru ba, ya dai san mutum ɗaya. Shi ma sanin da iyaka. Wata safiya cikin bazara, zafi ya hana kowa barci, Inna ta kwana tana ciwon hannu, Fatsuma ta shiga shingen hankalinta na wani wuri. Ba ta tsaya ta duba ba. Zanenta ya saki, ta kai hannu da sauri ta kama, hannun ya gifta ta gefen idonsa. Kafin ta ankara ya kama ta a dantse. Bai fizga ba, ya danna ya saki, amma sai da wurin ya yi baƙi ya kumbura, kwana goma ba ta iya ɗaga taɓarya ba.

Ta zauna a bayan shingen tana riƙe da hannun, hawaye na zuba. Ba ta ma san da wa take fushi ba: da dokin, da wanda ya fara dukansa a wani garin da ba ta sani ba, da Dalhatu, ko da kanta da ta san ƙa'ida ta saki.

Da Dalhatu ya ga hannun ya zabura ya ce ina sanda. Ta ce, "Zauna, Maigida." Ya zauna.

Ta ce, "Damina ta kusa. Ga gona, ga Inna, ga Umaima, ga ruwa a kaina. Wanga doki ba shi ja maka amalanke, bana ko baɗi. In ka sa shi cikin kasuwa, yara na gudu, moto na wucewa, sai ya kashe wani. Na yi iyakar abin da na iya. Ka ba Yaya shi, can daji ne, ba mutane, kuma shi ya san yadda za shi zauna da shi."

"A ce na kasa."

"A ce. Kwana nawa za a yi ana cewa?"

Ya daɗe yana kallon hannunta. Daga ɗaki Inna Nana, wadda suke zaton barci take, ta ɗaga murya ta ce, "Dalhatu, in ba ka hidda dabbar nan ba, ni in hita." Fatsuma ba ta san ko maganarta ce ta yi aiki ko ta Inna ba, kuma ta gaji da son sani.

Sha'aibu ya zo ranar Laraba a kan tsohuwar goɗiyarsa, yana kore da jakuna biyu da zai bari a madadin dokin. Fatsuma ce ta shiga ta sa ragamar, ta fito da shi ta ƙofar baya, ta miƙa wa yayanta igiya. Ta gaya masa kada ya zo masa ta hagu da sauri, kuma ya fi son a jiƙa dusar. Sha'aibu ya ce ya ji. Dokin ya bi goɗiyar ba gardama, suka bi hanyar rairayi suka yi arewa. Dalhatu bai fito ba, ya ce yana da aiki a zaure.

Hannun Inna Nana ya ɗinke a karkace, ba ta ƙara yin kaɗi ba. Na Allah ya daina shigowa gidan, ko da yake suna gaisawa da Dalhatu a tasha. Jakunan suka ja amalanke, aka kai taki gona a makare, sai da ruwan farko ya sauka ana kan kaiwa. Daga baya Sha'aibu ya aiko cewa dokin yana nan, shi kaɗai ke hawansa zuwa rijiya, kuma ya riga ya ciji mutum ɗaya, wani baƙo da aka ce masa kada ya matsa ya matsa.